Hattara da masu cin kasuwar fitilar cek injin

Jama'a masu mota, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wata cuta da wasu gurɓatattun makanikai suka mayar sana'a, kuma saura ƙiris ta rutsa da ni a watan jiya. Ba don wani abokina da ya san kan mota ya taka min birki ba, da yanzu ina cizon yatsa.

Fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ce ta kama a gabana, wadda muke cewa cek injin. Mota kuwa lafiyarta ƙalau, ba ta rawa, ba ta zafi, shan manta bai ƙaru ba. Na shiga wani gareji da suka kafa allo cewa suna duba mota da kwamfuta. Mutumin ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya juya min baya, ya yi tsaki, ya girgiza kai. "Yallaɓai, Allah ya so ka da ka zo yau. Matatar hayaƙin salansarka ta mutu, ƙwaƙwalwar motar ma ta fara taɓuwa. Ka ƙara kwana uku a haka, injin zai buga." Na ce ya nuna min abin da na'urar ta rubuta. Sai ya ce ai ba zan gane ba, yaren injiniyoyi ne. Maganar nan ce ta tsaya min a rai, na ce masa bari in je in haɗo kuɗi.

Da yamma abokin nawa ya jona tasa 'yar na'urar da ke aiko da bayani a waya. Lamba ɗaya tak ta fito: P0455. Ya zagaya ya kwance murfin tankin mai, ya nuna min robar bakinsa ta bushe ta tsage. Ciwon ke nan gaba ɗaya.

Fetur yana fitar da tururi ko da mota na ajiye. Don kada tururin ya bi iska, masu ƙera mota sun bi da shi ta tiyo zuwa wani gwangwani cike da gawayi, gawayin ya riƙe shi. Idan injin ya yi ɗumi ana tafiya, sai wani bawul ya buɗe, injin ya zuƙe tururin ya ƙone shi, wani bawul ɗin kuma ya bar iska mai kyau ta shiga. Wannan tsari shi ake kira EVAP. Lokaci-lokaci kwamfutar mota takan toshe hanyoyin duka ta gwada ko matsin iskar zai tsaya, in ya zurare ta san akwai yoyo. Gwajin kuwa ba ya ɗaga ƙafa: huda mai faɗin rabin milimita ta isa ta kunna fitila da lambar P0456. P0442 ƙaramin yoyo ne, P0455 babba, kuma sau da yawa murfin tanki ne ba a ɗaure ba ko ya lalace. Matatar hayaƙi tana da tata lambar daban, P0420, babu abin da ya haɗa su.

Batun "ba za ka gane ba" kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Tun 1996 aka tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II na duba matsalar mota da na'ura, da soket mai rami 16 inda ake jona na'urar, kuma lambobin da suka fara da P0 ma'anarsu ɗaya ce ko Toyota ce ko Honda ko Ford. Kowa na iya rubuta lambar a waya ya ga fassararta.

Riba biyu macucin yake ci. Ya kwance maka matatarka mai lafiya, wadda ke ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam, ya sayar, ya ɗaura maka tsohuwa ko fanko, kuma kai za ka biya kuɗin. Sannan ya danna maɓalli ya goge lambar, fitila ta mutu, ka yi godiya har ka ƙara masa da addu'a. Inda dabarar take shi ne, mota ba ta yin gwajin EVAP a kowace tafiya. Yawanci sai an tashe ta injin na sanyi, man tanki bai cika fal ba kuma bai kusa ƙarewa ba, sannan sai gwajin ya faɗi a tafiya biyu kafin fitila ta dawo. Sai ka yi kwanaki, wani lokaci fiye da mako, kana zaton an yi maka aiki. Ranar da ta dawo, ga tsohon yoyon yana nan, ga P0420 ta gaske ta biyo baya saboda fankon da aka ɗaura, shi kuma ya ce maka wannan sabuwar matsala ce.

Wasu dillalan tsofaffin motoci ma da wannan suke cin mutane: a goge lamba da safe kafin mai saye ya iso, ko a cire ƙwan fitilar ɗungurungum. Ka murɗa makulli ba tare da ka tada injin ba, dole cek injin ta kama tare da sauran fitilu. In ba ta kama ba, ko dai an taɓa ta ko kuma ta lalace. Ka kuma sa a duba maka ko kwamfutar ta kammala gwaje-gwajenta, domin in da yawa suna nuna ba su gama ba, kwanan nan aka goge ko aka cire kan batir.

Ban ce kullum murfi ne ba, kar wani ya ɗauka haka. Bawul ɗin da ke kai tururi inji in ya maƙale a buɗe, mota takan yi gardamar tashi daidai bayan an sha mai. In hanyar iskar ta toshe, za ka ga famfon gidan mai yana ta yankewa alhali tanki bai cika ba. Masu matsa wa a ƙara mai bayan famfo ya tsaya da kansa kuma, su suke tura ruwan fetur cikin gawayin har ya lalace. Makaniken kirki, kuma suna nan da yawa, zai nuna maka lambar da idonka, ya hura hayaƙin gwaji cikin tiyon ku ga inda yake fita tare, ya gwada bawul kafin ya ce a sayo. In kuwa fitilar ƙyaftawa take yi, wannan wata magana ce daban: injin ne ba ya ƙona mai daidai, ka samu wuri ka tsaya, domin wannan ne ke kashe matatar da gaske.

Ni dai na sayi sabon murfi na ɗaura, bayan 'yan kwanaki fitilar ta mutu da kanta. Mutumin ya kira ni sau biyu yana tambaya ko kuɗin sun haɗu, wai ya samo min matata a hannu. Na ce ya fara turo min hoton lambar da na'urarsa ta nuna ranar. Har yau bai sake kira ba.