Waya ko roba: me zai riƙe haƙoranka bayan an cire ƙarfe?

Ranar da aka cire maka ƙarfen gyaran haƙora, likita zai tambaye ka da me za a riƙe su, don in an bar su sai su lallaɓa su koma inda suka fito.

Zaɓi na farko siririyar waya ce da ake liƙawa a bayan haƙoran gaba, galibi shida na ƙasa, daga fiƙa zuwa fiƙa. Ba a ganinta, ba kuma za ka manta ta a gidan biki ba. Wanda aka toshe wa wushirya ita ta fi masa, don wushirya ba ta da wuyar dawowa.

Sai dai wurin da take zama shi ne daidai inda yawu ke fitowa daga ƙarƙashin harshe, kuma ko babu waya nan ne dauda ta fi saurin daskarewa kamar dutse. Buroshi da asuwaki ba sa kaiwa ƙarƙashinta, zaren sakace kuma ba ya shiga ta sama, sai an zura shi ta ƙasan wayar, tsakani bayan tsakani. Mai yin haka kullum, yana kuma zuwa wankin haƙori, dasashinsa lafiya lau. Mai kasala kuwa zai fara ganin jini in ya tofar da man goge baki, dasashi ya kumbura ya yi ja. Ga kuma rake da kilishi: gam ya saki a haƙori ɗaya, waya ta lanƙwashe, ta riƙa tura haƙorin a hankali har dasashi ya janye, kai ba ka sani ba.

Sai na cirewa. Akwai farar robar nan da ake kifawa a kan haƙora. Tana tsagewa, ruwan zafi yana lalata ta, shayi da goro suna rina ta. Akwai kuma wanda ake kira Hawley, mai ƙarfe a gaba, tun 1919 ake amfani da shi, ya fi ƙarko amma ana ganinsa. Duka biyun sun fi sauƙi ga dasashi, tunda cirewa kake yi ka wanke bakinka sarai. Matsalar kawai, wanda ke cikin aljihu ba ya riƙe komai.

Ni dai in dasashinka yana jini tun yanzu, ɗauki na cirewa. In ka san kanka da mantuwa, sa waya, amma ka tambayi kuɗin gyara in ta saki, kuma kada ka fito sai likitan ya nuna maka yadda ake zura zaren a bakinka, kana riƙe da madubi.