Sharhi: abin da na samu a cibiyar ciniki ta ƙasashe biyu

Na yi rajista da wata cibiyar ciniki da ke haɗa 'yan kasuwar ƙasarmu da na wata ƙasar Turai, lokacin da nake neman injin ɗaure kaya a kwali. Tallarsu cike take da hotunan liyafa da jakadu suna musabaha. Abin da ya biya mini kuɗina kuwa wani ɗan ofishi ne a ƙarshen baranda, inda ake binciken kamfanoni.

Wani kamfani ya turo mini farashi mai daɗi ta imel, yana neman kafin alƙalami. Jami'ar ofishin ta ɗauki lambar rajistar da ke ƙasan wasiƙar, ta duba ta a kundin kamfanoni na can ƙasar, sannan ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Kamfanin na gaske ne, amma sunan da ke kan asusun da aka ce in tura kuɗi ba nasa ba ne, bankin ma a wata ƙasa yake. "Alhaji, kada ka tura ko kwabo tukuna," in ji ta. "Bari mu kira su ta lambar da ke cikin kundi, ba ta kan wasiƙar ba." Ashe kamfanin bai ma san da zancen ba, wasu ne suka ari sunansa. Da muka samu dillalin gaskiya, ita ce dai ta sa yatsa a kan haruffa uku da ke jikin farashinsa, EXW, ta ce ma'anarsu daga ƙofar masana'anta komai a wuyana yake: loda kaya, jirgi, inshora, kwastan na fita da na shiga. Haruffan suna cikin ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms, waɗanda Cibiyar Ciniki ta Duniya, ICC, ta fara fitarwa a 1936, kuma su suka bayyana dalilin arahar farashin dillalin.

Wannan aiki na sanin wane ne wane da kare ɗan kasuwa a baƙuwar ƙasa, shi ne asalin irin waɗannan cibiyoyi. Cibiyar ciniki ta farko a birnin Marseille na Faransa aka kafa ta a 1599, amma ta gari ɗaya ce. Masu haɗa ƙasa da ƙasa sai a ƙarni na 19 suka yaɗu. A 1873 'yan kasuwar Birtaniya mazauna Paris suka kafa tasu, a daidai lokacin da batun harajin kwastan tsakanin ƙasashen biyu ya sake tasowa bayan yaƙin da Faransa ta sha kashi a 1870 zuwa 1871. Amurkawa suka bi sahu a Paris ɗin a 1894, shekara biyu bayan Faransa ta ɗaga harajin shigo da kaya. A wannan shekarar ce kuma Jamusawa suka buɗe tasu ta farko a Brussels, wadda ta zama uwar jerin cibiyoyin da ake kira AHK, yau suna cikin ƙasashe sama da 90.

A lura da waɗanda suka kafa su: baƙi ne masu sayar da kayan ƙasarsu, suna neman murya ɗaya gaban hukumomin inda suke zaune. Ta Paris ma da sunan Birtaniya kaɗai ta fara, daga baya ta koma ta Faransa da Birtaniya. A ganina har yau ma'aunin bai gama daidaita ba, kuma na gani da idona. Da nake mai saye, an yi ta rawar jiki a kaina. Da na koma da tambayar yadda zan kai nawa kayan kasuwarsu, sai aka miƙo mini jerin sunayen masu saye, wasu lambobin wayar ba sa shiga, wani kamfanin kuma ya daɗe da barin sana'ar. Ban ce mugunta ba ce. Mai biyan kiɗa dai shi ake yi wa waƙa, kuma manyan kamfanonin can su ne ke riƙe da kujerun shugabanci.

Shi ya sa tambayar farko da zan ba kowa shawarar ya yi ita ce: wa ke ɗaukar nauyin cibiyar? Tsarin Jamus yana samun wani ɓangare na kuɗinsa daga ma'aikatar tattalin arzikin ƙasar, yana kuma sayar da ayyuka ɗai-ɗai, irin su binciken kasuwa da nemo abokin ciniki, har ga wanda ba mamba ba. Cibiyoyin Amurkawa, AmCham, galibi da kuɗin mambobi suke tafiya, ƙarfinsu kuma wajen magana da gwamnati kan haraji da dokoki yake. Hakan na da amfani ga mai babbar masana'anta. Ƙaramin ɗan kasuwa mai kwantena ɗaya ba lallai ya ji a jikinsa ba.

Tarukan wata-wata ba su burge ni ba. Jawabi ne da musayar kati, yawancin mahalarta lauyoyi da ma'aikatan banki masu neman abokan hulɗa. Tafiyar baje koli ta fi, domin tun kafin mu tashi an tsara wa kowa waɗanda zai gana da su da lokacin ganawar, ga kuma tafinta. Wasiƙar da suka ba mu ta neman biza ta taimaka wajen cika takardu, amma sun faɗa mana ƙarara cewa hukunci na ofishin jakadanci ne, kuma akwai wanda aka hana a cikinmu. Takardar shaidar asalin kaya ma ba su suke bayarwa ba, sun tura ni cibiyar ciniki ta ƙasa, wadda hukuma ta ba wannan izini.

Na sabunta rajistata, amma a mataki mafi ƙanƙanta, kuma ina biyan kuɗin bincike daban duk lokacin da sabon kamfani ya nemi in tura kuɗi. Ga mai shigo da injuna ko kayan gyara, ina ba shi shawarar ya shiga. Mai son fitar da kaya kuwa, kafin ya biya, ya nemi a haɗa shi da mamba ɗaya irinsa da cibiyar ta taɓa samo wa mai saye, ya ji daga bakinsa.