Zauren WhatsApp a hannun ƙungiyar matasan unguwa: abin da ya iya da abin da ya gagare shi

Ƙungiyarmu ta matasan unguwa a Gusau ta shafe fiye da shekara guda tana gudanar da al'amuranta a zauren WhatsApp, tun daga ranar da muka haɗu domin neman a magance ƙarancin ruwan sha har zuwa muhawarar da ta raba kawunanmu a kan shiga zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agustan 2024. A kan wannan gogayya nake auna manhajar.

Wajen tara jama'a ban ga na biyunta ba. Zaure guda yana ɗaukar mutum 1,024, kuma saƙon murya ya ba 'yan ga-ruwa da 'yan kabu-kabu, waɗanda ba su saba da rubutun boko ba, damar tofa albarkacin bakinsu daidai da malaman makaranta.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun shugabanci. Admin yana da ikon shigar da mutum ko fitar da shi, da goge saƙon wani, da kulle zaure yadda babu mai magana sai shi da takwarorinsa, sannan wanda ya buɗe zauren tun farko sauran admin ba za su iya sauke shi ba sai in shi ya fita da kansa. Tsari ne da ya dace da zauren dangi ko na 'yan kasuwa, amma a wurinmu sai ya zamana wanda ya riga kowa buɗe zaure ya wayi gari shugaba ba tare da an zaɓe shi ba. Da dattawa suka kira shi da wasu mutum biyu domin sulhu, suka dawo da sanarwar cewa an janye fita zanga-zangar, matasa suka fara zargin an saye su, shi kuwa ya kulle zauren kwana uku. Kafin ya buɗe, an kafa wani zauren mai suna kusan iri ɗaya. Laifin namu ne da ba mu rubuta ƙa'ida tun farko ba. Irin wannan zargi ma ya girmi zaurenmu, domin a Janairun 2012, lokacin da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka dakatar da yajin aikin tallafin mai bayan an mayar da lita naira 97, masu zanga-zanga da dama sun ce ba da yawunsu aka yi ba.

Mun gwada warware saɓanin da tsarin ƙuri'a na cikin manhajar. Yana da sauri, sai dai kowa yana ganin abin da kowa ya zaɓa, kuma a unguwar da yaro ke zaure ɗaya da kawunsa da maigidansa na kasuwa, kunya takan rinjayi ra'ayi. Haka nan ɓoye saƙonni da manhajar ke yi tun 2016 yana kare su ne daga na waje kaɗai. Ɗan zaure yana iya ɗaukar hoton hira ya kai inda ya ga dama, ga kuma lambar wayar kowa a fili.

Mu 'yan Zamfara muna da ƙarin dalilin yin taka-tsantsan, tunda mun ga yadda aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar a Satumban 2021, makonni suka shuɗe babu kira balle intanet.

Ina ba duk wata ƙungiya shawarar ta riƙe manhajar domin sanarwa da tattara ƙorafi, ta naɗa admin aƙalla biyar daga ɓangarori daban-daban, ta kuma rubuta tsawon wa'adinsu. Mu dai zaɓen shugabanni da duk wata shawarar fita ko janyewa mun mayar da su ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar La'asar, kowa ya rubuta zaɓinsa a takarda ya jefa cikin kwano.