Laburaren makaranta ta intanet ko Google Scholar?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tsakanin shafin laburaren makarantarku da Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen ilimi, wanne za ki riƙe wajen tattara abin karantawa na kundinki? Riƙe laburare. Ni sai da na sha wuya na gane haka.

Shekarar da nake rubuta nawa kundin, malamin da ke duba aikina sau biyu yana maido mini da babi na biyu, wai duk tsince-tsince na kawo masa, shi maƙalun mujallun ilimi yake son gani. Mako uku na yi ina fama da Scholar. In ga maƙala, take ya yi daidai, tsakure ya yi daidai, ina dannawa sai shafin mawallafa ya ce sai na biya. Da abin ya ishe ni na je ina yi wa wata dattijuwar ma'aikaciyar laburare ƙorafi. Ba ta ce komai ba, lambar rajistata kawai ta karɓa ta shigar da ni shafinsu. Cikin maƙalu bakwai da na rubuto a takarda, biyar suna nan zaune a rumbunan maƙalu na JSTOR da ScienceDirect, makaranta ta riga ta biya. Shekara uku ina ɗalibi ban taɓa buɗe shafin nan ba. Allah ya saka wa baiwar Allah nan da alheri, har yau ina tuna kallon da ta yi mini ta saman tabarau.

Yadda abin yake, makaranta ce ke biyan kuɗin shekara ga masu rumbunan maƙalu irin su EBSCOhost da ProQuest, ke kuma ki shiga da sunanta. Kowace makaranta da abin da ta biya, don haka ki fara duba jerin rumbunan da ke shafin. Makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa suna cikin tsarin Research4Life mai buɗe musu mujallun ilimi kyauta ko da rahusa, wanda ya ƙunshi Hinari na fannin lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na aikin gona da ya biyo baya a 2003. Sau da yawa kalmar sirrinsa tana hannun ma'aikatan laburare, sai wanda ya tambaya.

Shafin laburaren yana da nasa halin fa. Gurbin bincikensa ba ya son surutu, in kika zuba masa tambaya doguwa sai ya ce babu komai. Kalma biyu ko uku za ki ba shi, ki haɗa su da AND, in jimla ce guda ki sa ta cikin alamar zance. Sannan ki zaɓi ya nuna miki waɗanda masana suka tantance kafin a buga, ki taƙaita shekaru. A JSTOR mujallu da dama sukan yi jinkirin shekara uku zuwa biyar kafin sabon fitowarsu ya shiga, to in sabon bincike kike nema ki leƙa wani rumbun. In daga gida kike, ta shafin laburare za ki bi ki shiga tukuna, in ba haka ba shafin mawallafa ba zai san ke ɗaliba ba ce, ya nemi kuɗi.

Scholar kuwa, to, ba laifi. Tun 2004 yake, yana da sauri, kuma wurin da yake nuna waɗanda suka ambaci maƙala yana da amfani. Amma yana haɗa tsaki da tsakuwa, mujallar kirki da ta masu buga komai in an biya su duk a jere ɗaya. Ɗan aike ne: ya nemo miki suna, ki ɗauka ki kai laburare.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu tallar kalmar sirri a Telegram da WhatsApp, masu cewa za su buɗe miki duk rumbunan duniya har abada. Na taɓa saya kafin in je wurin dattijuwar nan. Kwana huɗu ta yi ta mutu, mai sayarwa ya toshe lambata. Yawanci ta ɗaliban wasu makarantu ce aka sace. Ke ma kada ki ba kowa taki, don in mawallafa suka ga ana sauke maƙalu babu ƙaƙƙautawa da suna ɗaya sukan rufe shi, wani lokaci abin ya shafi makarantar gaba ɗaya. Akwai kuma masu sayar da maƙalun da tun asali kyauta ne a DOAJ, shafin da ke jera mujallun ilimi na kyauta. JSTOR ma da kansa yana barin wanda ya yi rajistar kyauta ya karanta maƙala 100 a wata a kan shafinsu, ko da ba ɗalibi ba ne.

Gobe ki ɗauki katinki na makaranta ki je wurin ma'aikatan, ki ce su shigar da ke su nuna miki rumbunan fanninku. Ki tafi da sunayen maƙalu biyar da kika kasa buɗewa, a gwada su a gabanki.