Tsohuwar kwamfuta bayan Windows 10: a tilasta mata Windows 11 ko a koma Linux Mint?

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, kuma ga yadda na fahimce ta. Kana da kwamfutar tafi-da-gidanka ƙirar HP da ka saya ta hannu a Sabon Gari, mai furosesa Core i5 zubi na huɗu, da RAM gigabait 4, da faifan ajiya mai juyawa na gigabait 500. Windows 10 ke kanta, kundin digirinka na biyu da hotunan iyali duk suna ciki, kuma wani mai gyara a Samaru ya ce zai iya ɗora maka Windows 11, wani abokin karatunka kuma ya ce ka koma Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta da ake ɗorawa a madadin Windows. Kana son sanin wanne ya fi, da yadda za ka yi kada ka rasa kayanka.

Damuwarka tana da tushe. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, sai dai duk wata ɓaraka ta tsaro da aka gano bayan wannan rana ba za a toshe ta ba, in ba ka shiga shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU ba, wanda aka tsara wa masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoba, 2026, kuma sai Windows ɗinka ya kai sigar 22H2. Wannan shiri jinkiri ne na shekara guda, saboda haka shawarar da kake nema dole a yanke ta.

Amma zan fara da rabin tambayarka na biyu, domin wanda ya ɗora sabuwar manhaja kafin ya killace kayansa ya sa kundinsa a bakin rijiya.

Hanyoyin killacewa biyu ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta farko ita ce kwafe fayiloli da hannu zuwa wani faifai na waje. Amfaninta shi ne abin da ka kwafa za ka iya buɗe shi a kowace kwamfuta, ko mai Windows ce ko mai Linux, kuma ba ya cin wuri sosai. Rauninta shi ne abin da ka tuna kaɗai take ɗauka. Ta biyu ita ce ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce, ta tattara Windows da manhajojinka da saitunanka a dunƙule, yadda in aiki ya ɓaci za a mayar da kwamfutar daidai yadda take jiya. Ita kuma nata raunin shi ne tana buƙatar wuri mai yawa, ciro fayil guda ɗaya daga cikinta yana da wahala ga wanda bai saba ba, kuma a bisa ƙa'ida faifan da za a mayar da hoton a kansa bai kamata ya gaza na asalin girma ba. Wato hoton faifanka na gigabait 500 ba zai shiga faifai mai 256 kai tsaye ba, ko da rabinsa wofi ne.

Na ɗanɗana raunin hanya ta farko da kaina. Shekarun baya na kai kwamfutata wajen wani mai gyara domin ya yi mata fomatin, ya tambaye ni ina kayana suke, na ce suna cikin Documents, ya kwafe wannan foldar, ya goge faifan. Sai da na isa gida na tuna cewa babi biyu da nake kan gyarawa a kan fuskar kwamfutar na ajiye su, tare da hirarrakin da na naɗa a ƙauyuka uku. Babin na sake rubutawa, amma ɗaya daga cikin dattawan da na yi hira da su Allah Ya riga Ya yi masa rasuwa. Shi ya sa nake roƙonka ka kwafe foldar mai ɗauke da sunanka a ƙarƙashin Users ɗungurungum, sa'an nan ka fitar da kalmomin sirri da shafukan da ka adana a burauza, ka nemi ma'ajiyar manazartarka in kana amfani da Zotero ko Mendeley, ka rubuta lambobin lasisin manhajojin da ka saya a takarda. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu masu rubutun Hausa: idan ka taɓa buga wani aiki da tsofaffin font ɗin Hausa da aka yi kafin Unicode ya yaɗu, ka kwafe font ɗin daga foldar Fonts, in ba haka ba za ka buɗe takardarka a sabuwar manhaja ka tarar ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama wasu alamomi.

A kula da abin da za a zuba kayan a ciki. Akwai filas na jabu da ke nuna gigabait 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, ya karɓi fayil kamar gaske, ranar buƙata a buɗe a tarar babu komai. Ƙaramar manhajar H2testw tana tona asirin irinsa. Filas mai tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, don haka a mayar da shi exFAT in akwai manyan bidiyo. Kundin kansa, tunda ba shi da nauyi, ka sa kwafinsa a Google Drive, inda ake ba da gigabait 15 kyauta, ko OneDrive mai ba da 5. Bayan duk wannan ka ɗauki faifan ka jona shi a wata kwamfuta dabam, ka buɗe babi-babi ka gani da idonka. Kwafin da ba a buɗe an duba ba, ban yarda a goge komai a kansa ba.

To, ga Windows 11. An fitar da shi ranar 5 ga Oktoba, 2021, da sharuɗɗan da suka haɗa da RAM gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da tsarin tayar da kwamfuta na UEFI mai iya matakin tsaron Secure Boot, da guntun tsaro TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Zubi na huɗu a 2013 ya fito, na takwas kuwa a 2017, saboda haka kwamfutarka ba ta cikin jerin. Abin da mai gyaran zai yi shi ne ya shirya filas da manhajar Rufus, ya cire waɗannan sharuɗɗa, Windows ɗin ya shiga. Gaskiya ya faɗa, zai shiga, kuma Word da Excel da CorelDRAW da firintarka duk za su yi aiki yadda ka saba. Abin da ƙila bai gaya maka ba shi ne Microsoft ya bayyana cewa kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma babbar sabuntawar da ke zuwa shekara-shekara sau da yawa ba ta sauka da kanta a irin waɗannan kwamfutoci, sai an sake yin dabara da hannu. An riga an ga misali a sigar 24H2, wadda ta ƙi tashi sam a kan tsofaffin furosesa irin Core 2 Duo. Taka ta tsallake wannan shingen, amma kana zaune ne a kan alfarmar da za a iya janyewa. Ga kuma nauyi: Windows 11 a kan RAM gigabait 4 da faifai mai juyawa, za ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo tana kan shiri.

Linux Mint ba ya tambayar TPM, kuma bai damu da zubin furosesa ba muddin mai 64-bit ce, taka kuwa haka take. Mafi ƙarancin abin da yake nema RAM gigabait 2 ne da wurin ajiya gigabait 20, ko da yake masu yin sa sun ba da shawarar gigabait 4 domin a sake. Jerin Mint 22, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04, yana da tallafin tsaro har 2029, kyauta, ba tare da wata dabara ba. Nau'insa na Xfce ya fi sauƙin nauyi, fuskarsa kuma ba za ta ba wanda ya saba da Windows 7 tsoro ba. Yana da Timeshift mai ɗaukar hoton tsarin domin a koma baya in sabuntawa ta kawo matsala, kuma akwai jerin madannan Hausa a cikinsa kamar yadda yake a Windows. Babban abin da na fi so game da shi shi ne ana iya tayar da shi daga filas a gwada Wi-Fi da sauti da firinta ba tare da an taɓa faifan ba.

Inda yake gazawa shi ne wajen manhajojin da jama'armu suka dogara da su. Microsoft Office na kan kwamfuta da CorelDRAW da Photoshop ba a yi su domin Linux ba. LibreOffice, madadin Microsoft Office a Linux, yana buɗe takardun Word yana kuma adana su, amma a doguwar takarda mai jadawali da lambobin shafi iri biyu, tsari yakan ɗan goce, kuma duk wanda ya kai kundi shagon buga takardu a Samaru ko Kongo ya san yadda jadawali ɗaya da ya tsallaka shafi ke sa mai duba aiki ya mayar da kundin. Maganin wannan shi ne a kai musu PDF. Sai dai idan malaminka yana yi maka gyara a cikin fayil ɗin Word, kuna mayar wa juna, to sauya manhaja a tsakiyar aiki ƙarin wahala ne da ba ka buƙata. Ga nazarin alƙaluma akwai R da jamovi da PSPP a Linux, amma koyonsu yana son lokaci. Masu gyaran da suka san Linux sosai ma ba su kai na Windows yawa ba a garin nan, don haka za ka fi dogara da kanka da abokin naka.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ba zan goge faifan nan ba ko kaɗan. Zan sayi SSD, wato faifan ajiya mara juyawa wanda ya fi sauri, mai inci 2.5 irin na SATA, ko da na gigabait 256 ne, in cire tsohon faifan in ajiye shi yadda yake, in ɗora sabuwar manhajar a kan sabon. Wannan ya fi hoton Clonezilla sauƙi, domin in wani abu ya ƙi, sukurori kaɗan za ka kwance ka mayar da tsohon, Windows 10 ɗinka ya tashi kamar ba a yi komai ba. Lasisinsa ma da babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard) aka ɗaure shi, sauya faifai ba ya ɓatar da shi. In ka sa tsohon a cikin ɗan akwatin USB, ya zama faifan waje da za ka kwaso kayanka daga ciki a tsanake. In da hali ka ƙara RAM ya kai gigabait 8, kuma tunda an buɗe ta, a busa ƙurar hunturun da ta toshe fankar.

Game da manhajar da za a ɗora, idan saura 'yan watanni ka kare kundinka, kuma ƙofar ESU tana buɗe, ka zauna a kan Windows 10 ka gama, kana gwada Mint daga filas a ƙarshen mako. Da zarar an sa hannu a kundin, Linux Mint na fi zaɓar wa wannan kwamfuta a kan Windows 11 na tilas, sai fa idan abincinka yana kan CorelDRAW, wanda a nan gara ka tara kuɗi ka nemi ta hannu mai zubi na takwas. Duk ranar da za ka yi aikin, ka cika batir, in kuma batirin ya mutu ka je inda janareta ko sola ke aiki, domin ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta tsarin faifai yana iya barin kwamfutar ba ta tashi. Ka turo mana cikakkiyar lambar ƙirar da ke manne a ƙasanta, in duba maka irin RAM ɗin da take karɓa kafin ka je kasuwa.