Sharhi kan gwajin ido da tabarau da aka yi wa 'yarmu a Katsina

Asibitin idon da muka kai 'yarmu a birnin Katsina ya cancanci yabo ta fuskar bincike da bayani, amma sashensa na tabarau bai shirya wa yara irin tamu ba. Ina rubuta wannan sharhi ne saboda iyayen da aka haifa musu yaro da tsagewar leɓe ko ta ganɗa, wato rufin baki, domin yawancinmu da zarar ɗinki ya warke sai a ɗauka magana ta ƙare.

Yarinyar tana da shekara 4. An ɗinke mata leɓe kafin ta cika wata shida, aka gyara ganɗar bayan ta shekara, duka kyauta da tallafin Smile Train, ƙungiyar da aka kafa a 1999 wadda ke ɗaukar nauyin irin wannan tiyata a asibitoci da dama na Najeriya. Daga nan hankalin gida ya koma kan koyon magana da ciwon kunne, har sai da malamarta ta Islamiyya ta lura cewa duk lokacin da ta ƙura wa allo ido, idonta na hagu yakan karkato wajen hanci. Idon kuma yana yawan hawaye, abin da kakarta ta ɗora wa ƙurar hunturu.

Likitar da ta duba ta ba ta yi gaggawa ba, kuma a nan ne na ga bambanci. Da ta ga tabon leɓen, sai ta nemi takardun tiyatar, sannan ta ce: "Malam, a danginka ko na mahaifiyarta akwai wanda ya rasa gani yana matashi, ko mai sa tabarau mai kauri tun yana yaro?" Ta bayyana cewa leɓen jariri yana haɗewa ne tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, ganɗa kuma tsakanin na 6 da na 9, a daidai lokacin da ido da fatarsa suke samuwa, shi ya sa abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa ɗayan a wasu yaran. Kimanin jariri 1 cikin 700 ake haifa da wannan tsagewa a duniya, kuma da yawansu idonsu lafiya lau yake, amma a cikinsu akan samu harara-garke, da buƙatar tabarau, da toshewar magudanar hawaye, da giɓi a fatar ido ko a cikin idon kansa. Wanda ta fi jaddadawa shi ne ciwon gado da ake kira Stickler, da sunan likitan da ya bayyana shi a 1965, wanda aka fi zargi idan ganɗa kaɗai ce ta tsage kuma haɓar jaririn ƙarama ce. Yaro mai shi ba ya ganin nesa sosai, kuma tantanin gani na can bayan ido yana iya ɓallewa ba tare da wani zafi ba. Duk wannan da Hausa ta faɗa mana, ba tare da ta tsorata mahaifiyar yarinyar ba, wadda dama ta sha maganganun mutane tun ranar suna.

Gwajin kansa ya ɗauki lokaci. Da yake yarinyar ba ta san baƙaƙen boko ba, da hotuna aka auna ganinta, ido ɗaya bayan ɗaya. Sai aka ɗiga mata maganin da ke buɗe ƙwayar ido, muka jira sama da rabin awa kafin likitar ta haska ciki ta kuma auna ƙarfin gilashin da ya dace. Tantanin yana nan lafiya, magudanar hawayen ma a buɗe take, don haka kakarta ta yi gaskiya game da ƙura. Matsalar ita ce idanun suna wahala wajen ganin abu na kusa, na hagun kuma ya yi rauni saboda ƙwaƙwalwa ta fara yin watsi da shi. Abin da ban ji daɗinsa ba a wannan mataki shi ne layi ɗaya ake bi da yara ƙanana da dattawa masu yanar ido, kuma babu wanda ya gargaɗe mu cewa bayan ɗigon maganin hasken rana zai dame ta har zuwa dare, alhali muna da tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Daura.

Inda aiki ya lalace shi ne wajen firam. Yaron da aka yi wa gyaran leɓe sau da yawa hancinsa ba ya daidaita, gefe ɗaya ya fi ɗaya kwanciya, kuma karan hancin ƙaramin yaro dama bai tashi ba. Duk firam ɗin da ke shagon na ƙarfe ne ko na busasshiyar roba, an yi su ne don yaran da suka kai firamare. Wanda aka gwada mata ya zame zuwa ƙarshen hanci, ta koma tana leƙen mutane ta samansa kamar tsohon tela, wato gilashin bai yi aikin komai ba ke nan. Da na yi magana, mai shagon ya ce: "Alhaji, a bar mata haka, ai za ta girma ta cika shi." Wannan magana ba ta dace da shagon da ke cikin asibiti ba, tunda likitar da ke ɗaki na gaba ta riga ta gaya mana cewa raunin ido irin wannan ya fi gyaruwa kafin yaro ya kai shekara 7 zuwa 8. Daga baya wani ɗan'uwa ya samo mana firam na roba mai laushi daga Kano, mai igiya da ke zagaya ƙeya, wanda yake zama daram ko tana guje-guje. Gilashin da ba ya fashewa ma sai da aka aika aka yanko, kuma ya wuce ranar da aka yi mana alkawari. Amma ma'aikacin da ya haɗa shi ya sake auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonta ba tare da ya nemi ƙarin kuɗi ba.

Yanzu idan tabarau yana fuskarta idon a miƙe yake, idan ta cire sai karkatar ta dawo, kuma likitar ta ce haka ake sa rai. An umarce mu da mu riƙa rufe idon dama na awa biyu a kullum domin na hagun ya yi aiki, kuma da yake ban samu filastar rufe ido a shagunan maganin da na duba ba, mahaifiyarta ce ta ɗinka ɗan ƙyalle da ake zurawa a gefen firam ɗin. Idan karkatar ta ƙi tafiya, an ce za a duba batun tiyata, ko a nan ko a tura mu Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Duk wanda zai kawo yaronsa ya zo da sassafe, ya riƙo takardun tiyatar da hula mai baki saboda rana, kuma ya nemi firam ɗin da ya zauna a hancin yaron kafin ya biya kuɗin gilashi.