Wasiƙa zuwa Jos: an rufe asibitin ƙauyen da nake zaune

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya sanyin Jos? Ka gaishe min da Hajiya, ka ce mata na sayi safar da ta ce, ina jiran mai tahowa ne.

Ran nan da muka yi waya ka ce min, "Ku ai kun huta, likita kyauta, magani kyauta." Dariya kawai na yi saboda ina sauri zan fita aiki. Yau ina hutu, bari in ba ka amsa.

Rabin maganarka gaskiya ce. A Ingila ba a biyan ko sisi don ganin likita. Tun 1948 suka kafa hukumar lafiya ta ƙasa da suke kira NHS, da kuɗin haraji take tafiya. Magani kuwa akwai biya, fam 9.90 kowane iri ɗaya da aka rubuta maka, sai dai an ɗauke wa yara da masu ciki da wanda ya kai shekara 60. Baƙo kuma tun wajen neman biza ake cajinsa fam 1,035 na kowace shekara, mu masu aikin kula da tsofaffi ne aka yafe mana. Tsarin shi ne kowa ya yi rajista da likitan unguwarsa, wanda suke kira GP. Shi ne ƙofar komai. A Jos mutum zai tari keke ya nufi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin Jankwano ya yanki kati ya bi layi. A nan in ba gaggawa ba ce, babban likita ba zai duba ka ba sai GP ya tura ka.

To ƙofar ce aka rufe mana. Ƙauyen da nake yana yankin Lincolnshire, ƙasar noma ce, dankalin turawa da kabeji iya ganinka, sai ka ce Bokkos ce aka share wa duwatsu. Da na zo na tarar da ɗan asibiti kusa da coci, ɗaki uku, likita na zuwa sau biyu a mako. Bara aka aiko wa kowane gida takarda cewa an haɗe mu da wani asibiti a cikin gari. An yi taro, tsofaffi suka sa hannu a takardar koke, amma shiru kake ji. Yanzu ginin na nan da allon sayarwa a gabansa. Garin ya kai tafiyar rabin awa a bas, bas ɗin kuma ba ya wuce sau huɗu a rana, ran Lahadi babu ko ɗaya.

Na daɗe ban gane dalili ba, don na ɗauka asibitin gwamnati ne. Ashe yawancin waɗannan ƙananan asibitoci na likitocin ne da kansu. Su biyu ko uku za su haɗa hannu, su karɓi kwangila daga NHS, a riƙa biyansu gwargwadon yawan mutanen da suka yi rajista. Daga ciki za su biya nas da mai karɓar waya da kuɗin wuta da bashin gini. Ƙauye mutane kaɗan ne, kuma yawanci tsofaffi, kowa da ciwo uku ko huɗu. In tsohon likita ya yi ritaya, matashi ba ya son gadar bashin gini. Ya gwammace aikin albashi a birni, ko ya tattara ya tafi Ostireliya.

Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, shekararta 87. Ƙafarta ta kumbura ranar wata Litinin. Ƙarfe takwas daidai ake buɗe layin wayar asibitin, kowa a lokacin yake kira. Na kira, na'ura ta ce ni ce ta goma sha bakwai, ta sa min kiɗa. Ina riƙe da waya a kafaɗa na dama mata shayi, na canja mata kaya, na ba ta maganin safe. Da aka ɗauka, mai karɓar wayar ta ce gurbin yau ya ƙare, in cike fom a intanet. Tsohuwar nan ko wayar shafa ba ta taɓa riƙewa ba. Ta dube ni ta ce likitansu na da, shi ya karɓi haihuwar 'ya'yanta, har gida yake zuwa da jakarsa, kuma da jin tarin mijinta ya san ko na sanyi ne ko na taba. Yanzu duk zuwa sabuwar fuska, minti goma, ka sake labarinka daga farko.

Wallahi sai na tuna mai kemis ɗin layinmu a Unguwar Rogo. Ba likita ba ne, amma ya san hawan jinin Hajiya, ya san wanda ba ya shan kulorokwin saboda ƙaiƙayi, kuma yana ba da bashi. A nan ba za a sayar maka da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sai da takarda. Ko farasitamol a kanti ƙwaya 16 ne a kwali, kuma ba a ba ka fiye da kwali biyu. Da farko abin ya ba ni haushi, yanzu na ga hikimarsa, don mu muna shan kafso kamar gyaɗa. Tun watan Janairun 2024 ma an ba masu kantin magani izinin duba ƙananan cututtuka bakwai, irin su ciwon maƙogwaro. Na ce lallai, sun biyo sahunmu. Sai dai ƙauyen namu ko kantin maganin babu.

Kada ka ce na raina musu. In ciwo ya yi tsanani, zuciya ko daji ko hatsarin mota, ka kira 999 a ɗauke ka, babu mai cewa a ajiye kuɗi tukuna, babu fita sayen safar hannu da ruwan ƙari, babu yawon neman mai ba da jini. Ka tuna abin da muka sha lokacin jinyar Baba, Allah ya jiƙansa. Wannan kam ba a haɗa su. Amma awon jini da ɗan ciwon yau da gobe, Hajiya za ta riga tsohuwar nan ganin likita. Ƙauyukanmu na Filato kuwa ba sai na faɗa maka ba, da yawa daga cikinsu ba su taɓa samun likitan da za a ce ya tafi ba.

Ranar Alhamis muka samu wa tsohuwar gurbi, ɗanta ya biya tasi. Likitan da ya duba ta ya kalli sunan da ke maƙale a rigata ya ce, "Sannu da aiki." Ashe a Jami'ar Jos ya yi karatu. Ya duba ƙafar da kyau, ya canja mata magani. Tsohuwa ta ji daɗinsa, ta tambaya ko shi za ta riƙa gani. Ya ce a'a, cike gurbi ya zo yi, mako biyu suka rage masa.

Ranar Juma'a zan turo kuɗin maganin Hajiya. Don Allah kada a canja mata likitan da ta saba da shi ko da an ce wani wuri ya fi araha. In an auna jininta ka ɗauko min hoton katin.

Ƙanwarka.